Titin ƙofar gidanka na wa ne? Fashin baƙi kan gyaran titunan birnin Katsina

A kwanar layinmu, daidai inda motoci ke saukowa daga babban titi, akwai wani rami da na ga farkonsa da idona. Damina 3 da suka wuce ba rami ba ne. Wata 'yar tsaga ce a kan kwalta, siririya, da ƙyar tsinken tsintsiya zai shige ta. Damina ta farko ta wuce, tsagar ta yi rassa, wurin ya koma kamar bayan kada. A ta biyu kwaltar ta fara ɓantarewa, yara na tsintar ɓaraguzanta. Bana kuwa, da aka sheƙa ruwan tsakiyar Agusta, sai da wani mai Keke Napep ya sauke fasinjojinsa, mata biyu, ɗaya da goyo, suka tattare zannuwa suka ratsa ruwan da ƙafa, shi da wasu samari suka tura keken suka fitar.

Washegari bayan sallar asuba zancen ya tashi a ƙofar masallaci. Wannan ya ce laifin ɗan kwangila ne, wancan ya ce na gwamna, wani ya ce na ciyaman. Na juya wurin mai unguwa na ce, "Baba, wai titin nan na wa ne?" Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ɗana, ranar da aka shimfiɗa shi ina tsaye a nan. Amma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mini ga wanda aka bar wa amanarsa."

Daga wannan tambaya ya kamata a fara, domin titin da ba a san mai shi ba, ba a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba idan ya lalace.

A Najeriya tituna gida uku suke. Akwai na gwamnatin tarayya, waɗanda ke haɗa jiha da jiha ko su kai iyakar ƙasa, irin hanyar Kano zuwa Katsina da wadda ta wuce Jibiya har bakin iyakar Nijar. Ma'aikatar ayyuka ta tarayya ke gina su, hukumar FERMA, wadda aka kafa da doka a 2002, ita ke da alhakin gyaransu. Akwai na jiha, waɗanda suka haɗa da akasarin manyan titunan cikin birni. Ma'aikatar ayyuka ta jiha ke ba da kwangilarsu, hukumar KASROMA kuma aka kafa domin kula da su. Sai na uku, waɗanda suka fi yawa kuma suka fi kusa da talaka: layukan unguwanni da hanyoyin ƙauyuka. Jadawali na 4 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina tituna da layuka da fitilun kan hanya da magudanan ruwa, da kula da su, cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

A takarda rabon ya fita. A ƙasa kuwa ya cuɗe. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gari yake faɗaɗa, har ya tsallaka cikin ƙaramar hukumar Batagarawa, ta yadda mutum zai ce yana cikin Katsina alhali harajinsa da kansilansa na wata ƙaramar hukumar ne. Layi na ƙaramar hukuma ne, amma jiha ce ta zo ta zuba masa kwalta. Wani kuma ɗan majalisa ne ya kawo shi a matsayin aikin mazaɓa, aka yi biki aka watse. Bayan shekara 5 ƙaramar hukuma tana ganin ba ita ta yi ba, wanda ya yi kuma yana ganin ya gama nasa. Ga titi guda, amma shara ta hukumar tsabtace muhalli ce, izinin gini a gefensa na hukumar tsara birane ne, bututun da ke ƙarƙashinsa na masu ruwa ne. Kowa yana riƙe da gefe, ba wanda ya rungumi duka.

To, me ke kashe titi? Mafi yawanmu za mu ce motoci. Gaskiya ne suna da nasu kason, zan zo kansu. Amma babban abokin gabar titi ruwa ne, kuma Bakatsinen da ya tashi a gidan ƙasa ba ya buƙatar injiniya ya fahimtar da shi wannan. Kowa ya san yadda iyayenmu ke yi kafin damina: a hau soro a duba tsaga, a yi yaɓe, a gyara indararo, a tabbatar ruwa ba ya kwanciya a gindin katanga. Gidan da ake yi wa haka sai ya ga jikoki da tattaɓa-kunne. Wanda aka ƙyale shekara 3, ruwa guda ya ishe shi. Titi ma ginin ƙasa ne, kwance kawai yake.

Baƙar kwaltar da muke gani fata ce, kaurinta a titunan cikin gari sau da yawa bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba. Ba ita ke ɗaukar nauyin mota ba. Abin da ke ɗauka yana ƙasa: jar ƙasa, wato burji, da aka zuba hawa-hawa, wani lokaci a ɗora fasasshen dutse a kai, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, rola ta bi ta danne har ya ƙanƙame. Daɓe ne, irin wanda mata ke yi wa tsakar ɗaki, sai dai madaɓin nan ƙarfe ne mai nauyin tan-tan. Aikin kwalta shi ne ta zama rufi, ta hana ruwa isa ga wannan daɓen. Shi ya sa ake yi wa titi doro, tsakiya ta ɗan fi gefe tudu, kimanin santimita 2 zuwa 3 a kowace mita, domin ruwa ya gangara lambatu kafin ya sami wurin zama.

Yanayinmu ba ya raga wa wannan rufin. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, baƙar kwalta kuma ta fi iskar da ke kanta zafi nesa ba kusa ba. Rana na ƙona man da ke cikinta, shekara da shekaru, har ta bushe ta daina miƙewa. Hunturu ya zo da sanyin dare, ta takure. Tsakanin miƙewa da takurewa sai ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan Katsina kuma ba mai yawa ba ne idan aka kwatanta da na kudu, amma a dunƙule yake zuwa, cikin 'yan watanni, mafi ƙarfinsa a Yuli da Agusta, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya cikin awa guda. Ya bi tsagar nan ya sauka, ya jiƙa burjin. Mota ta taka, wurin ya lotsa, ruwan laka ya tsartso ta tsagar yana ɗauke da ƙasar da ke riƙe da titin. Idan ka ga jan ruwa na fitowa ta tsagar kwalta bayan mota ta wuce, cikin titin ne ke zubewa. Ramin da zai bayyana nan da wata biyu an riga an haƙa shi daga ƙasa.

A nan lambatu ya shigo, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Ƙasarmu rairayi ce. Iskar hunturu na kwaso shi, ruwa na wanko shi daga layukan da ba su da kwalta, duk ya tare a lambatun babban titi. A kan rairayin sai ledar ruwa, robar lemo, tokar murhu, sharar da aka ba almajiri ya zubar, shi kuma ya nemi wuri mafi kusa. Na taɓa tsayawa ina kallon samarin unguwarmu suna yashe lambatun da zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum: tafin hannu biyu kawai ya rage a sama, sauran duk ya cike ya daskare, sai da diga. Lambatun da ya cike haka ba ya kai ruwa ko'ina. Ruwan sai ya hau titi ya mai da shi rafi, ya ci gefen kwalta, ya kwanta a kwana. A cikin tsohon gari, daga wajen Ƙofar Soro zuwa lungunan da ke kewaye da Gobarau, abin ya fi wuya, domin lungu ƙunci gare shi, indararon kowane gida cikinsa yake zuba, wurin da za a haƙa magudana mai faɗi kuma babu sai an taɓa katangar wani. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, ya san maganar hanyar ruwa ta wuce maganar kwalta.

Yanzu ga motoci. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka, aka gina tituna aka yi ta bin su da motoci masu nauyi daban-daban har suka lalace. Abin da aka gano, wanda injiniyoyi ke aiki da shi har yau, shi ne ɓarna ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi, tsalle take yi. Idan nauyin da ke kan layin taya guda, wato tayoyin dama da hagu da ke jere a kan ƙarfe ɗaya, ya ninka sau 2, ɓarnar na ninkawa kusan sau 16. Bisa wannan lissafi, layin taya mai ɗauke da tan 10 yana yi wa titi abin da layin taya mai tan 1 sai ya wuce sau 10,000 kafin ya yi. Wato 'yan acaɓa da masu Keke Napep da ƙananan motocin da ke cika IBB Way safe da yamma ba su ne ke cinye titi ba. Tifar yashi guda da aka yi wa lodi har da tozo, ko tirelar siminti da ta ratsa layin unguwa don gudun cunkoso, ta fi su duka. Layin unguwa ba don su aka yi shi ba. Wannan ne amfanin hanyoyin da ke zagaye gari, irin wadda aka yi zamanin Gwamna Ibrahim Shema da ta gabas da aka yi zamanin Gwamna Dikko Radda, matuƙar manyan motocin sun bi su. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kuma zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, idan ya fara ɗaukar kaya, kowane tan da ya hau jirgi sauƙi ne ga kwalta.

Akwai kuma ɓarnar hannunmu. A yanka titi a wuce da bututun ruwa ko wayar sadarwa, a mai da ƙasa da shebur ba daɓe, damina guda wurin ya zama kwari daga wannan gefe zuwa wancan. A ƙona taya a tsakiyar titi. Mai wankin mota ya saki ruwan sabulu kullum a wuri guda. Makaniki ya zubar da baƙin mai ko gas, alhali kwalta daga ɗanyen mai aka samo ta, danginta na narkar da ita. Mai gini ya sauke yashi da tsakuwa a bakin lambatu ya bar su wata 6.

Gyara kuma hawa-hawa ne, kuma kowane hawa ya fi na ƙasansa tsada ninkin-ba-ninki. Na farko shi ne na kullum: yashe lambatu da kwalbati, kwashe rairayin da ya taru a gefe, ɗura narkakkiyar kwalta a tsaga tun tana siririya, yin faci tun rami bai fi faranti ba. Lebura da shebur da baro da tukunyar kwalta sun isa. Na biyu shi ne na bayan 'yan shekaru, lokacin da fatar ta tsufa amma cikin yana da lafiya: a fesa sabuwar kwalta a watsa tsakuwa a danne, ko a ɗora sabon hawa. Na uku shi ne idan ciki ya ruɓe, sai a kawo katafila a kankare komai a sake daga tushe. A 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan ƙasashe 85 masu tasowa, ya ƙiyasta cewa sun yi asarar tituna na kimanin dala biliyan 45, asarar da gyaran da bai kai na dala biliyan 12 ba zai iya hanawa. Mu a nan mun fi sabawa da hawa na uku, domin na farko da na biyu sukan wuce ba a yi ba.

Shi facin ma yana da ƙa'ida, kuma ya kamata mutanen unguwa su san ta, domin a gabansu ake yi. Faci na gaskiya ana shata wurin ne da kusurwa huɗu, a wuce bakin ramin zuwa inda kwalta ke da lafiya, a yanka da inji bakin ya tsaya cak. A kwashe duk abin da ya ruɓe har a tarar da ƙasa mai tauri. Idan burjin ya jiƙe, a cire shi a zuba sabo a daɓe. A share ƙura, wurin ya bushe, a shafa ruwan kwalta a ƙasa da gefe don sabon ya kama tsohon. Sannan a zuba haɗin kwalta da tsakuwa da zafinsa, wanda ke fitowa daga injin haɗi a wajen digiri 150, a bi da rola tun bai huce ba, a gama shi daidai da fuskar titi. Idan ka ga an zo da tifa an juye kwalta cikin rami mai ƙura ko mai ruwa, an bubbuga da bayan shebur an wuce, wannan ba zai ga ƙarshen damina ba. Idan kuma aka yi faci mai kyau amma lambatun da ke gefensa na cike, ramin zai dawo, in ba a wurin ba to taku biyu gaba. Yaran da ke cika rami da ƙasa suna miƙa hannu ga direbobi ba na ganin laifinsu, gurbin da aka bari suka shiga, amma ƙasar da suke zubawa ruwan farko ke tafiya da ita cikin lambatu.

Lokaci ma yana cikin ƙa'idar. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen wuri, saboda haka aikin titi na rani ne. Daga Nuwamba zuwa Mayu muna da wata 7 na bushewa, abin da jihohin kudu ba su da shi. Amma koke-kokenmu a Agusta suke tashi, lokacin da ba abin da za a iya sai zuba dutse a rami don a samu a wuce. Da ruwa ya ɗauke, ƙura ta rufe ramin, sai kowa ya manta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuɗi, inda gizo ke saƙar. A rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Wanda aka ɗora wa tituna mafi yawa shi ke da kaso mafi ƙanƙanta, daga ciki kuma ake biyan albashin malaman firamare da sauran ma'aikata. Shekara da shekaru kuɗin ma ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi, sai ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Ko da hukuncin ya zauna daram, ba zai yi faci da kansa ba. Sai sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya sami injiniya da lebura da ƙaramar rola da man zuba mata.

An taɓa yi wa matsalar tanadi a doka. Gyaran da aka yi wa dokar FERMA a 2007 ya ce a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da gas don gyaran hanya, kashi 40 na abin da aka tara ya tafi FERMA, kashi 60 ga hukumomin gyaran hanya na jihohi. Shekaru suka shuɗe ba a aiwatar ba. Hikimar da ke ciki ita ce gyara na son kuɗi mai zuwa a kai a kai, ko da kaɗan ne, kamar cefane. Kasafin shekara kuwa yana iya fitowa a makare, a saki rabi, a saki sauran bayan ruwa ya sauka. Ga tsadar kaya: akasarin kwaltar da muke amfani da ita daga waje ake shigo da ita, duk da arzikinta da ke kwance a jihar Ondo, saboda haka tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin da zai yi facin layi biyu da ƙyar yake yin ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, akwai kuma son abin da ido ke gani, kuma ba shugabanni kaɗai ke da shi ba. Gadojin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da aka yi zamanin Gwamna Aminu Bello Masari sun sauƙaƙa cunkoso, kowa ya gani ya yaba. Amma wanda ya yashe lambatu kilomita 50 a watan Afrilu ba a yi masa taro, domin sakamakon aikinsa shi ne ba abin da ya faru. Mu masu zaɓe muna tambayar ɗan takara tituna nawa ya gina, ba ma tambayarsa nawa ya hana mutuwa. Su kansu gadojin ƙasan, kasancewarsu kwari, rayuwarsu na rataye ne a kan hanyar fitar ruwansu. Kowane sabon titi da aka buɗe ƙarin baki ne da za a ciyar duk shekara.

Abin da nake ganin zai yi aiki ba ya buƙatar biliyoyi. A yi rajistar titunan birni, kowane da mai shi, a kafa ɗan allo a bakin layi mai ɗauke da sunan hukumar da lambar da za a kira. A riƙa zagayen duba tituna da zarar damina ta ɗauke, a jera su bisa lalacewa da yawan masu bi, ba bisa wanda ke zaune a layin ba. Duk mai son yanka titi ya ajiye kuɗin mayarwa kafin ya sa diga. Sannan jama'a su san cewa a irin waɗannan kwangiloli akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi kashi 5 cikin 100, na tsawon kimanin shekara guda bayan ya gama, domin duk abin da ya lalace a wannan tsakani shi zai gyara da kuɗinsa. Sabon titin da ya tsage a daminarsa ta farko, lokacin kai ƙara ke nan, a rubuce, ta hannun mai unguwa da kansila, kafin wa'adin ya cika a sallame shi.

Aikin gayya na da nasa wurin, amma yana da iyaka. Samari za su iya yashe lambatu, ba za su iya kwashe tulin da suka fitar ba. Sau biyu ina ganin an yi gayya a layinmu, an tara rairayi da leda a bakin titi, ba motar da ta zo, ruwan farko ya mai da shi inda ya fito. Shi ya sa da muka zauna da mai unguwa bayan maganar keken nan, ya ce, "Bana kada wanda ya ɗaga shebur sai mun san ranar da tifa za ta zo." An sa gayyar a Asabar ta farko ta watan Mayu, an wakilta mutum uku su kai takarda ofishin ƙaramar hukuma tun watan Fabrairu, ɗauke da hoton ramin da awon faɗinsa, da kuma roƙo guda: a gaya mana a rubuce ko titin na wa ne.